Yadda Tsiro Ke Gudun Auren Gida

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi a tsakiyar damina zai ga masara dama da hauni, ta fid da fure a ka, ta fid da gemu a kwiɓi. Mun saba ganin wannan tun muna yara, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambaya, don me Allah ya raba su haka, ɗaya bisa ɗaya ƙasa? To, amsar tana da amfani ga rumbun ko wane manomi.

Da fari sai mu sani tsiro ma yana da namiji da mace. Garin nan rawaya da ke kaɗowa daga fure, irin wanda mu ke kira bununi a kan gero, shi ne namiji. Gemun masara kuwa hanyar mace ne, ko wane sili yana tafe har ga ƙwaya ɗaya. In gari bai sauka bisa silin ba, sai gurbin ƙwayar ya zauna wofi. Shi ya sa mu kan ga wani goyo da giɓi.

Tsire-tsire da yawa ba su son garin kansu. Waɗansu, kamar dabino da giginya, an raba su sarai, namiji dabam mace dabam. Waɗansu kuwa lokaci aka raba musu. Masara ta kan fara zub da gari kwana biyu ko uku kafin gemunta ya fito, gero kuma macen ce ke riga fita. Saboda haka a cikin ƙwayar masara 100, fiye da 90 iska ce ta kawo musu gari daga wani kara. Amma dawa da auduga da gyaɗa galibi garin kansu ya ishe su.

Akwai wata dabara da ta fi waɗannan ban mamaki, ita kuwa a cikin gado ta ke. A 1925 waɗansu masana biyu na Amurka, East da Mangelsdorf, suka gano ta a wani dangin taba. Ashe akwai wata ƙwayar gado, wadda a ke kira da harafin S, mai iri-iri kamar askar gidaje. Ko wane tsiro yana gadon biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, garinsa kuwa yana ɗauke da ɗaya daga cikinsu. Sa'ad da gari ya sauka bisa mace, sai ya miƙa wani siririn zare zuwa ga ƙwai. In uwar tana da S1 da S2, garin da ya zo da ɗayansu sai zarensa ya tsaya a hanya, amma mai S3 sai ya wuce. Daga 1986 zuwa 1989 masana a Ostareliya suka nuna wani sinadari ne a jikin macen ke kashe zaren garin gida. Goro da dankali da kabeji ma suna ƙin garin kansu, ko da ya ke hanyarsu ta ɗan bambanta.

Mene ne amfanin wannan? Ko wane tsiro yana ɗauke da waɗansu aibobi na gado a ɓoye, waɗanda ba su bayyana sai an gaje su daga gefe biyu. Auren gida shi ke haɗa su. Darwin na Ingila ya buga littafi a 1876, ya nuna a tsire-tsire da yawa 'ya'yan baƙon gari sun fi ƙarfi. A 1908 kuma Shull ya nuna in an tilasta wa masara garin kanta shekara da shekaru sai ta tsumbure, amma in an haɗa tsumburarru biyu da ba su da dangi, 'ya'yansu su kan yi albarka ƙwarai. Wannan shi ne asalin iri mai aure.

A nan zancen ya zo gida. Tun da aka buɗe shirin aikin gona na Funtuwa a 1975 da taimakon Bankin Duniya, masara ta yaɗu a Bakori da Danja da Ƙafur, ta cika kasuwar Dandume. Manomi da yawa ya kan sayi iri mai aure, ya ga amfani, sa'an nan ya ɗebi iri daga rumbunsa don baɗi. Ai duk karan gonar nan gadonsu ɗaya ne, watau auren gida aka yi, don haka amfanin baɗi sai ya ragu, taki da wahala su tafi a banza. Iri mai aure sai a sabunta shi ko wace shekara. Irin da ba mai aure ba a kan iya ajiye shi, amma a zaɓi goyo masu yawa daga tsakiyar gona, nesa da masarar maƙwabci.

Mai shakka ya shuka farar masara kusa da rawaya a lambun makaranta. In kaka ta yi zai ga ƙwayoyi rawaya a cikin farin goyo, ya san baƙo ya shigo. Mu da za mu fita koyarwa, wajibi ne mu nuna wa yara wannan da idonsu, su kai labari gida. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.