Jirgin Kirsimetin Amurka da ake ƙerawa a Asiya

Da fim ɗin The Polar Express ya fito a 2004, kamfanin Lionel, wanda aka kafa a New York a 1900, ya fitar da ƙaramin jirgin ƙasa na wasa mai siffar na fim ɗin. Iyalai a Amurka kan girka shi yana kewaya bishiyar Kirsimeti, wasu kuma na adana shi tamkar kayan gado.

Ainihin jirgin da aka kwaikwaya, Pere Marquette 1225, yana jihar Michigan har yau. A jihar ce kuwa Lionel ya rufe masana'antarsa a 2001, ya mai da ƙira Sin da Koriya ta Kudu, ma'aikata suka rasa abin yi. Shi ya sa harajin da gwamnatin Trump ta ƙaƙaba wa kayan Sin a 2025 bai ƙyale ko wannan ɗan jirgi ba.