Yawon Shan Iska a Birnin Ikko

Kowace shekara idan an ba da hutu, waɗansu 'yan kwalejin nan su kan tafi Ikko wurin 'yan'uwansu. Amma in sun komo ka tambaye su abin da suka gano, sai ka ji ba su wuce unguwar da suka sauka ba. Wani ya ce tsoron ɓata ya ke ji, wani ya ce ba shi da kuɗin tasi. Wannan hasara ce babba ga wanda gobe zai tsaya gaban aji ya koyar da tarihi da labarin ƙasa. Saboda haka na ga ya kamata in bayyana yadda mutum zai zaga birnin nan cikin abin hawa na kowa da kowa, ya sha kallo, ya komo masauki lafiya, aljihunsa kuma bai huje ba.

Da fari sai a fahimci yadda garin ya ke. Ikko kashi biyu ce: akwai tsibirai wajen bakin teku, akwai kuma babban tudu inda yawancin jama'a su ke kwana. Gadoji uku ne manya suka haɗa tsibirin Ikko da tudu: gadar Carter, da gadar Eko, da ta ukun wadda aka gama a 1990, mai tsawon kusan kilomita 12. Ofisoshi da manyan kasuwanni suna tsibiri, don haka da asuba jama'a duk can su ke kwarara, da yamma kuma su juyo gaba ɗaya. Wanda ya gane wannan ya gane rabin sirrin Ikko. Mai yawon shan iska ba ya kutsawa cikin masu sammakon aiki. Ya bari sai hantsi, ya kuma juyo tun kafin la'asar sakaliya, in kuwa ya sami ranar Asabar ko ta hutun gwamnati ya fi.

Abubuwan hawa iri huɗu ne. Na farko danfo, watau ƙananan motocin nan masu ruwan ɗorawa da baƙin zane a ciki. Babu lungun da ba su shiga, amma sai da kunne, gama yaron mota ya kan kira sunan tasha da sauri kamar mai gwanjo. Kada ka shiga sai ka maimaita masa inda za ka ya amsa, ka kuma ji kuɗin tun kana ƙasa. Ka tafi da canji, don in babu ya kan haɗa ka da wani fasinja a kan takardar kuɗi guda, ya bar ku a bakin titi kuna neman mai fasa muku. In ka iso wurin saukarka sai ka ɗaga murya ka ce "o wa", shi ne Yarabancin akwai mai sauka. Wanda ya yi shiru don kunya, sai an wuce da shi.

Na biyu manyan safa-safa da a ke kira BRT, waɗanda suka fara aiki a 2008. An keɓe musu hanyarsu su kaɗai a gefen titi, shi ya sa su kan wuce sauran motoci na tsaye cikin cunkoso. Babbar hanyarsu ta taso daga Ikorodu, ta bi ta Mile 12, ta ƙare a tsibiri. Ba a ba direba kuɗi a hannu. Akwai kati mai suna Cowry da a ke zuba wa kuɗi a tasha, a dangwala shi a bakin ƙofa. Baƙo ya fi samun kwanciyar rai a nan, gama ana bin layi, tashoshin kuma sanannu ne.

Na uku jirgin ƙasa na cikin gari. Shuɗin Layi, mai aiki da lantarki, ya fara ɗaukar jama'a a watan Satumba na 2023, daga Mile 2 zuwa Marina, tafiyar kilomita 13. Jan Layi kuwa ya biyo baya a watan Oktoba na 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Wanda ya sauka wurin 'yan'uwa a Agege, inda Hausawa suka daɗe da zama, ga jirgi a ƙofar gida. Sai dai ya tambayi lokutan tashinsa tun jiya, don jirgi ba ya jiran kowa. Katin nan na Cowry shi ne dai a ke shiga da shi. Na huɗu jirgin ruwa, wanda ke ratsa tafkin Ikko daga wurare irin su Ikorodu. Kada ka yarda ka zauna cikinsa ba a ba ka rigar da ke hana nitsewa ba, kada kuma ka hau ruwa bayan faɗuwar rana.

To, ina za a? Ga shawarata ga mai yini ɗaya tak. Ya sauka a Marina ko a CMS, sauran duk da ƙafa ne. Ya fara da Freedom Park a titin Broad. Tsohon gidan yari ne na zamanin Turawa, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo, aka mai da shi lambun hutawa a 2010. Daga nan ya gangara Dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa inda aka yi bikin samun mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960. Ya kamata ɗan kwaleji ya tsaya nan ya tuna mai sunan filin malamin makaranta ne a Bauchi kafin ya zama Firayim Minista. Kusa da nan, a Onikan, ga gidan kayan tarihi na ƙasa wanda aka buɗe a 1957. A ciki akwai sassaƙen tagulla na Bini, da kayan yumɓu na Nok, da motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ran 13 ga Fabrairu 1976, ga ramukan harsashi a jikinta. In azahar ta yi sai ya nufi Babban Masallacin Ikko a titin Nnamdi Azikiwe. Wajen komowa, in ta Shuɗin Layi ya bi, zai hangi babban gidan wasan kwaikwayo na Iganmu, mai siffar hular soja, wanda aka gina domin bikin al'adun baƙar fata na 1977.

Mai kwana biyu kuwa sai ya ƙara da gandun dajin Lekki, wanda aka kafa a 1990. A Obalende a ke samun danfo mai bin wannan hanya. Akwai birai suna yawo sake, da gadar igiya a saman itatuwa mai tsawon mita 401. Ana biyan kuɗin shiga. Masu tunawa da Bar Beach kuwa su sani an cike wurin da rairayi, ana gina sabuwar unguwa a kai.

Saura gargaɗi. Akwai miyagu masu yawo da mota kamar ta haya, su ɗauki mutum a bakin hanya su yi masa ƙwace. Maganinsu shi ne shiga mota a tasha, da barin tafiyar dare. Ku tafi ku biyu ko uku. Kuɗin komowa a ware shi a aljihu dabam, kada a taɓa shi ko don tsire. A rubuta sunan unguwa da tashar da ta fi kusa da masauki a takarda, gama waya ta kan mutu. In an rikice a tambayi ma'aikacin tasha ko mai kanti, matambayi ba ya ɓata. Da damina kuma, musamman watan Yuni, a riƙe laima, a ƙara lokaci a kan lissafi, don ruwa ya kan tsai da motoci.

Abu na ƙarshe, a tafi da ɗan littafi da fensir. A rubuta gadar da aka haye, da lokacin da tafiya ta ci, da abin da aka gani. Malamin da ya taka filin da aka sauke tutar Ingila, ya kuma ga teku da idonsa, darasinsa ba zai zama ɗaya da na wanda ya karanta a littafi kaɗai ba, yara ma su kan gane. Allah ya kai mu hutu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.