Masallacin Juma'a na Zariya

Zariya tsohon birni ne na ƙasar Hausa. Yana cikin Najeriya, kudu da Kano. Wanda ya tashi daga Matamaye sai ya ratsa Daura da Kano kafin ya kai can. A tsakiyar birnin, kusa da fadar sarki, an gina wani masallaci na ƙasa da magina ke alfahari da shi.

An gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin da ya shugabanci aikin, ana kiransa Babban Gwani. Bai yi aiki da siminti ko ƙarfe ba. Kayan aikinsa su ne tubali, da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, da azara.

Kowane yaro ya san azara, ita ce ake tsagawa daga giginya. Tana da ƙarfi, gara ba ta cika cinta ba. Amma tana da iyaka. In faɗin ɗaki ya wuce kamar mita biyu, aka ɗora mata ƙasa mai nauyi, sai ta lanƙwashe. To, yaya za a rufe wurin da jama'ar gari za su yi sahu ranar Juma'a?

Ga dabarar. Magini yana tada ginshiƙai masu kauri. In sun yi tsawo, sai ya kafa azara a jikinsu, ta ɗan karkata ciki. Ya ɗaure ta da igiya, ya yaɓe da ƙasa, ya jira ta bushe. Sa'an nan ya ɗora wata bisa ta farko, ta ƙara leƙowa gaba. Haka ake yi ta ɓangarorin biyu, har su gamu a sama. Wannan shi ne bakan gizo. Aiki ne na haƙuri, mai gaggawa ba ya iya shi. In bakuna suka gitta juna, sai a shimfiɗa gajerun azara tsakaninsu, a rufe da ƙasa, rufin ya yi tuluwa. A jikin ginshiƙan kuma an fitar da zane tun ƙasar tana ɗanya.

Ana ba da labari wai bayan haka sarkin Birnin Gwari ya sa Babban Gwani ya gina masa masallaci, da ya gama sai ya kashe shi, don kada wani sarki ya samu irinsa.

Ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, don ruwan damina yana cinsa. Cikin shekarun 1970 an yi sabon masallaci na siminti a wurin. An rushe wani sashe na tsohon, abin takaici, sauran kuwa aka bar shi cikin sabon ginin. A gidan tarihi na Jos ma an gina kwatankwacinsa da ƙasa, domin masu koyon gini su gani.