In Tsoho Ya Daina Gane Karin Magana

Yau zancenmu a kan tsofaffinmu ne.

Kun san Bakatsine ba ya rabuwa da karin magana da habaici. In ka zauna da dattawa a Ƙofar Soro, ka ji an ce wane dogon hannu gare shi, kowa ya san ɓarawo ake nufi. To, gane wannan aiki biyu ne ga ƙwaƙwalwa: ta ji kalmomin, sa'an nan ta aje su ta nemo abin da ke ƙarƙashinsu.

Akwai wani rauni na tunani da kan kama waɗansu tsofaffi. Mai shi yana salla, yana zuwa kasuwa, yana riƙe da gidansa, amma mantuwarsa ta fi ta tsararsa. Wani lokaci aikin nan na biyu yakan yi masa wuya. In an ce, “Ba a fafe gora ranar tafiya,” sai ya kama zancen gora. Karin maganar da ya saba ji tun yana yaro takan daɗe tare da shi. Sabon misali da gatse su ne suka fi kuɓuce masa.

Ga inda hatsarin yake. In kika ce wa tsohuwa cikin gatse, “To, shanye maganin duka mana!” tana iya shanyewa. Saboda haka ku faɗi magana a fili, ɗaya bayan ɗaya: “Baba, ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da dare.” Ku roƙe shi ya maimaita. Kada ku yi masa dariya.

Wannan ba sammu ba ne, ba kuwa hauka ba. A waɗansu, mafarin cutar nan ce da likita Alzheimer na Jamus ya bayyana a 1906. Waɗansu kuwa ba sa ƙaruwa, har akwai masu samun sauƙi, don abin yana iya zuwa daga ciwon maƙoƙo, ko ƙarancin bitamin B12, ko baƙin ciki, ko maganin barci. Wani ma kunne ne ya yi nauyi.

In kun ga alama, ku gaya wa malamin dispensare. Zai auna hawan jini da suga, in ya ga dama ya tura ku Babban Asibitin Katsina. Ku tafi da wanda ya san halin tsohon tun da, da dukan magungunan da yake sha.

Allah ya ba mu lafiya, amin.