Gidan Waya, Kamfani da Direban Tasha: Wa Za a Ba Amanar Saƙo?

Duk wanda yake da saƙon da zai aika daga Kano zuwa Ikko a yau, ko takardar shaidar karatu ce ko turmin atamfa daga Kantin Kwari, hanyoyi uku ne a gabansa: ko ya nufi gidan waya na gwamnati, ko ya je ofishin ɗaya daga cikin kamfanonin kai saƙo masu zaman kansu, ko kuwa ya tafi tasha ya danƙa wa direba, ya karɓi lambar wayarsa da ta motarsa, ya koma gida yana addu'a. Hukuncin da jama'a suka daɗe da yankewa shi ne, gidan waya da araha amma sai mai haƙuri, kamfani da tabbas amma sai mai hali. Kuma ko da yake akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana, a ganina ba a yi wa gidan waya adalci ba muddin ba a duba nauyin da aka ɗora masa, wanda ba a ɗora wa sauran ba.

Tsarin kai saƙo tsohon al'amari ne a daular Musulunci, domin masana tarihi sun danganta kafa baridi, wato tsarin kai saƙon daula, ga Halifa Mu'awiya, Abbasiyawa kuma suka faɗaɗa shi da zango-zango inda ake canja dabbobi. Amma baridi na sarki ne, don umarninsa da labaran lardunansa, kamar yadda manzanni suka riƙa kai wasiƙu tsakanin Sakkwato da sarakunan da ke ƙarƙashinta. Talaka kuwa sai dai ya jira fatake ko mahajjata.

Abin da ya sauya wannan hali ya faru ne a Ingila a 1840, bayan da wani malamin makaranta mai suna Rowland Hill ya zauna ya yi lissafi, ya gano cewa ainihin kuɗin ɗaukar wasiƙa ɗaya daga Landan zuwa Edinbara bai wuce kashi 1 cikin 36 na kwabo ba, kuma cewa abin da ke cin kuɗi shi ne aikin karɓa da lissafi da bin mutane gida-gida ana neman su biya, tun da a wancan zamani mai karɓa ne ke biya gwargwadon nisa. Sai aka mai da kuɗin kwabo ɗaya ko ina wasiƙar za ta a cikin ƙasa, mai aikawa ya biya tun farko ta hanyar manna kan sarki. A nan ne asirin gidan waya yake: wasiƙar da ba ta fita daga birni ba ita ke biya wa wadda za ta ƙauye mai nisa, ba tare da ɗayansu ya sani ba. A 1874 ƙasashe suka haɗu a birnin Bern na Suwizalan suka ƙulla yarjejeniyar da ta wajabta wa kowace ƙasa ta isar da wasiƙun 'yar'uwarta.

A Nijeriya an buɗe gidan waya na farko a Ikko a 1852, kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai jakunkunan wasiƙu suka biyo dogo. Dattawa ba su manta da zamanin da magatakarda ke zama a ƙofar gidan waya yana rubuta wa wanda bai iya boko ba, da zamanin da ɗa ke aika wa mahaifiyarsa kuɗi da fosta oda, da kuma yadda ake cika gidajen rediyo da wasiƙun gaisuwa. A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tangaraho gida biyu, NITEL ta ɗauki tarho, NIPOST ta ɗauki wasiƙu. Sannan wayar hannu ta shigo a 2001, ta kwashe gaisuwa da ta'aziyya da barka, bankuna suka kwashe aika kuɗi, aka bar gidan waya da gine-ginensa da ma'aikatansa da wajibin kai saƙo ko ina, alhali wasiƙun birni da ke ɗauke da wannan nauyi sun ƙaura.

Kamfani kuwa, irin su DHL da aka kafa a Amurka a 1969, babu wanda ya wajabta masa zuwa inda babu riba. Yana auna kaya da nauyi ko da girma, wanda ya fi yawa shi zai caja, ya ƙara kuɗin nisa, kuma idan garin ya yi lungu sai ya ƙara wani abu, ko ya ce wa mai saƙo ya zo babban gari ya karɓa. Abin da mutum ke saye a wurinsa da wannan tsada shi ne sani: lambar da zai bi sawun kayansa da ita, da ranar da aka yi masa alkawari, da sa hannun wanda ya karɓa. Shi ma gidan waya yana da sashen gaggawa na EMS mai irin wannan lamba, sai dai amana in ta zube ba a kwashe ta da buɗe sabon sashe.

Malaman fikihu sun yi dogon bayani a babin ajiya da na ijara cewa wanda aka ba amana ba ya ramuwa sai in an tabbatar da sakacinsa ko ƙetare iyakarsa, kuma wannan mas'ala ita ce ainihin bambancin hanyoyin nan uku ranar da kaya suka ɓace. Wanda ya yi rajista a gidan waya yana da rasit da zai kafa hujja da shi. Abokin cinikin kamfani yana da takardar sharuɗɗa, wadda in ya karanta ƙananan rubutunta zai tarar an ƙayyade diyya, sai fa in ya bayyana darajar kayan ya biya inshora. Mai aikawa ta tasha ba ya da komai sai sanayya da kunyar da direba ke ji ta shugabannin tasharsa, kuma abin mamaki, a kan wannan sanayya kaɗai ake ɗora dukiya mai yawa kowace safiya, domin motar da ta tashi da asuba ta kan riga kowa isa.

Akwai kuma cikas guda da ya haɗa su duka, wato rashin adireshi. Nijeriya tana da lambobin gari masu alƙaluma 6, na babban gidan wayan Kano 700001 ne, amma da wuya ka sami wanda ya rubuta su, kuma a unguwannin da kwatance ya tsaya ga bayan masallaci ko kusa da mai nika, ɗan aiken kamfani mafi tsada ma sai ya tsaya bakin titi ya buga waya.

Sauran abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, hukumar NIPOST ce ke ba kamfanonin nan lasisi, wato tana takara da su tana kuma yi musu alƙalanci. A watan Yuli na 2020 ta fitar da sabon jadawalin kuɗi, naira miliyan 20 ga kamfanin da ke kai saƙo ƙasashen waje, miliyan 10 ga mai aiki a faɗin ƙasa, har zuwa 250,000 ga masu ƙaramin jari, irin samarin da ke kai saƙo a kan babur. Da koke ya yi yawa sai ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya ce ba da yardarsa aka yi ba, ya umarta a dakatar.