Tsagar fuskar jariri: izinin uba bai wanke wanzami a gaban doka ba

A Jega da Aliero da Maiyama, kamar sauran ƙasar Hausa, wanzami na zuwa ranar suna ya yi wa jariri aski. A wasu gidajen har yau uba yakan nemi a ƙara da tsagar gado, irin wadda aka san Kabawa da ita.

Sashe na 24 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ya haramta yi wa wanda bai kai shekara 18 ba tsaga ko zanen tawada mai dawwama a fata. Haramcin ya haɗa da wanda ya sa aka yi, wato uban da ya kira wanzamin shi ma ya shiga ciki. Hukuncin tarar da ba ta wuce Naira 5,000 ba ce, ko ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba, ko duka biyun. Tarar kam ba ta kai kuɗin ragon suna ba.

A jihohi da dama na Amurka amincewar iyaye ta wadatar, amma Birtaniya ta rufe wannan ƙofa tun 1969. Dokar tarayyar tana aiki a jiha ne bayan majalisarta ta amince da ita, kuma Kebbi ta yi tata dokar yara a zamanin Gwamna Atiku Bagudu. Ƙunshin lalle bai shiga haramcin ba, domin yana gogewa.