Mai Jego da Ciwon Nono

Yau maganar masu jego za mu yi, da ciwon nan da kan kama nono: ya kumbura, ya yi tauri, ya ɗau zafi rau, ga zazzaɓi da rawar ɗari. Ya fi zuwa a makonni 6 na farkon haihuwa.

Da ya kama, me tsofaffi ke cewa? "Cire yaron, nonon ya ɓaci." A wasu garuruwan ma tatsa ake yi a ludayi, a jefa tururuwa, in ta mutu shi ke nan, an yanke hukunci. Allah sarki, tururuwa ce likita!

To, tun 1958 wata likita a Ingila, Mavis Gunther, ta lura da wani abu a jikin matan da take dubawa. Tushen ciwon, nono ne da ya kwanta bai fita ba. Ƙwayoyin cuta daga baya suke samun wurin zama. Kun ji? Nonon da ya kwanta. Ashe cire yaro ƙara wa wuta itace ne. Shi ya sa a 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta jaddada a ci gaba da shayarwa, har a ɓangaren mai ciwon. Nonon ba zai cutar da jariri ba, sai dai ya ɗan yi gishiri-gishiri, yaro ya yi ta yamutsa fuska.

Amma ga inda likitoci su ma suka sauya magana. Shekara da shekaru suna cewa a gasa da ruwan zafi, a murza, a tatse tas. A 2022 ƙungiyar likitocin shayarwa mai cibiya a Amurka ta ce a'a: murza da ƙarfi na ƙara kumburi, yawan tatsa kuma na sa jiki ya ƙaro nono. Yanzu tsumma mai sanyi ake ɗorawa, a sha farasitamol, a huta, a ba yaro duk sa'ad da ya nema.

Lokaci na hararar mu. 'Yar'uwa, in an kwana an wuni zazzaɓi bai sauka ba, ko kika ga ƙurji, sai asibiti. In an rubuta miki magani, ki shanye shi duka. Mai ɗauke da ƙwayar HIV kuwa, ta fara ganin likita kafin ta shayar a ɓangaren mai ciwon. Maigida, kuɗin mota na wuyanka. A huta lafiya.